Da me ake gane tasirin mai bincike a fannin ciwon hanta da dashen hanta?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni ƙaramin likita ne, ina neman ƙwarewa a kan cututtukan hanta. An ba ni shawarar in nemi wani farfesa ya zama mai duba bincikena. Da na leƙa shafinsa na Google Scholar sai na ga maƙaloli ɗaruruwa a kan ciwon hanta da dashen hanta, an ambace shi sau dubbai, ma'aunin h ɗinsa ma ya yi sama sosai. Amma wani abokin aikina ya ce in bar ruɗuwa da lambobi, ba su nuna komai. Shin gaskiyarsa ce? In ba da lambobin ba, da me ake gane cewa binciken mutum ya yi tasiri a wannan fanni?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. Abin da kake son sani shi ne ko yawan rubutu da yawan ambato sun isa shaida cewa mutum ya motsa fanninsa, in kuma ba su isa ba, ina za a duba. Abokin aikinka ya faɗi rabin gaskiya. Lambobin suna nuna wani abu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A fanninmu, ma'aunin da na fi yarda da shi ɗaya ne: mene ne likitoci suka fara yi wa marasa lafiya, ko suka daina yi musu, saboda aikin wannan mutum? Mun kuma yi sa'a, domin tarihin binciken zamani a kan ciwon hanta da dashen hanta gajere ne, bai wuce shekara sittin da ɗoriya ba, har ana iya bin kowane babban sauyi a kai ga takardar da ta haife shi.

Abin da lambobin ke faɗa da abin da suke ɓoyewa

Ma'aunin h wani masanin fiziks ne a Jami'ar California da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan an ce ma'aunin mutum 40 ne, to yana da maƙala 40 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 40. Amfaninsa shi ne yana tace mai rubutu barkatai da ba wanda ke karantawa, yana kuma tace wanda ya yi dace sau ɗaya tak. Amma ma'auni ne da ba ya sauka, sai dai ya hau, don haka yana tafiya da shekaru. Dattijon da ya ajiye bincike tun tuni zai ci gaba da fin matashin da ke kan ganiyarsa. Sannan Google Scholar yana ƙirga kusan duk abin da ya samu a intanet, shi ya sa lambarsa kan ɗara ta sauran rumbunan ƙirga ambato irin su Scopus da Web of Science a kan mutum guda. Kada ka gwada lambar wannan rumbu da ta wancan.

Akwai kuma abubuwan da ke kumbura lamba a fanninmu musamman. Maƙalar bita, wadda ke tattara abin da wasu suka gano, ta fi asalin bincike samun ambato sau da yawa. Haka takardun ƙa'idojin magani da manyan ƙungiyoyi ke fitarwa. Haka manyan rahotannin ƙididdigar cututtuka na duniya masu ɗauke da sunayen marubuta ɗaruruwa, inda kowannensu ke kwasar ambato dubbai ko da gudummawarsa ita ce aika alƙaluman asibitinsa. Haka gwaje-gwajen magani na kamfanoni, inda likita kan shiga jerin marubuta saboda ya shigar da marasa lafiya. Duk waɗannan ayyuka ne na halal masu amfani, ban raina su ba. Sai dai ba su nuna maka cewa tunanin daga kansa ya fito ba. Girman fage ma yana da tasiri: masu rubutu a kan ciwon hanta nau'in C suna da yawa ƙwarai, masu rubutu a kan ɗinkin bututun matsarmama bayan dashe kuwa 'yan tsiraru ne, saboda haka na biyun ba zai taɓa tara ambato kamar na farkon ba ko da ya fi shi ceton rai a ɗakin tiyata.

Ambato kamar sawu ne a ƙasa. Yana nuna an bi ta wurin, amma bai gaya maka me aka je ɗaukowa ba. Ana ambaton takarda don an gina a kanta, ana ambatonta don a ƙaryata ta, ana kuma ambatonta don kawai kowa yana yi. Wannan ne ya sa a 2012 wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Francisco, suna kira da a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya buga a ciki.

Nau'in B: daga gano ƙwayar zuwa kare sabuwar hanta

Bari in nuna maka yadda tasiri na gaske yake, domin gani ya kori ji. A 1965 Baruch Blumberg ya ba da rahoton wani sinadari da ya gano a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Ba ciwon hanta yake nema ba, bambancin jinin al'ummomi yake nazari. Cikin 'yan shekaru aka tabbatar sinadarin ɓawon ƙwayar cutar hanta nau'in B ne. Daga nan aka sami gwajin tantance jini kafin a ƙara wa mutum, aka kuma sami hanyar yin allurar rigakafi, wadda aka amince da ita a Amurka a 1981. An ba shi kyautar Nobel a 1976. Duk ranar da ka rubuta wa mara lafiya gwajin HBsAg, wato gwajin neman wannan sinadari a jini, aikinsa kake amfani da shi, kuma ba ka ambace shi ba. Ka lura da wannan: binciken da ya fi shiga jinin aiki yakan kai matsayin da ba a ƙara ambatonsa, don ya zama sanin kowa.

Sai Palmer Beasley, wanda ya bi ma'aikatan gwamnati maza 22,707 a Taiwan, ya buga sakamakon a mujallar Lancet a 1981. Ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar B sun fi sauran haɗarin kamuwa da sankarar hanta ninki fiye da 200. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a faɗin ƙasa a 1984. A 1997 Mei-Hwei Chang da abokan aikinta suka nuna cewa sankarar hanta a yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ta ragu da kusan rabi. Ka ga sarƙar a fili: bincike, sai manufar gwamnati, sai yaran da suka girma ba su san an kuɓutar da su ba.

A ɓangaren dashe kuwa, nau'in B ya taɓa zama ƙofa a rufe. A shekarun 1980, idan aka dasa wa mai nau'in B sabuwar hanta, ƙwayar kan koma ta kama ta a mafi yawan lokuta, ga kuma magungunan danne garkuwar jiki sun share mata fage. Wani lokaci cikin watanni hantar ke lalacewa. Cibiyoyi da dama suka daina karɓar masu wannan cuta, domin hanta abu ce mai wuyar samu, ba a son a saka ta inda za ta salwanta. Ka tsaya ka yi tunanin abin da wannan ke nufi ga mutumin da ke zaune gaban likita da kumburarren ciki da idanu rawaya: ana gaya masa akwai aikin da zai iya cetonsa, amma ba irinsa ake yi wa ba.

A 1993 Didier Samuel na asibitin Paul Brousse da ke wajen birnin Paris, tare da abokan aikinsa, suka tattara bayanan marasa lafiya 372 daga cibiyoyi 17 na Turai, suka buga a New England Journal of Medicine. Sun nuna cewa in aka daɗe ana ba mara lafiya allurar sinadarin kariya daga nau'in B, wadda muke kira HBIG, haɗarin dawowar cutar cikin shekara uku yana sauka daga wajen kashi 75 cikin 100 zuwa wajen 36. Ba gwajin da aka raba mutane gida biyu da ƙuri'a ba ne, duba bayanan baya ne kawai, amma ya buɗe ƙofar. Da maganin lamivudine ya zo a ƙarshen shekarun 1990 aka haɗa shi da allurar, dawowar cutar ta faɗi ƙasa da kashi 10. Daga baya entecavir da tenofovir suka zo, har likitocin Hong Kong suka nuna ana iya kare sabuwar hanta da ƙwayar magani kaɗai ba tare da allurar mai tsada ba. Yau masu nau'in B suna cikin waɗanda dashe ya fi yi wa kyau. In ka tambaye ni tasirin Samuel, ba zan buɗe Google Scholar ba. Zan nuna maka jerin masu jiran dashe, in nuna maka sunayen da a da ba za a rubuta ba.

Nau'in C, da matsalar wa za a yaba wa

Labarin nau'in C ya fi koyar da yadda lambobi da kyaututtuka ke barin mutane a baya. A tsakiyar shekarun 1970 Harvey Alter da abokan aikinsa a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka suka nuna cewa yawancin ciwon hantar da ke biyo bayan ƙarin jini ba A ba ne, ba kuma B ba ne. Aka yi shekaru ana neman ƙwayar ba a gan ta ba. Sai a 1989 Michael Houghton, Qui-Lim Choo da George Kuo na kamfanin Chiron, tare da Daniel Bradley, suka fito da ita. A 1997 Charles Rice ya tabbatar cewa ƙwayar ita kaɗai ta isa ta haddasa cutar. A 1999 Ralf Bartenschlager da Volker Lohmann a Jamus suka samar da hanyar da sashen ƙwayar zai riƙa hayayyafa cikin ƙwayoyin hanta a ɗakin gwaji, wanda in babu shi da ba a sami inda za a gwada magunguna ba.

An ba Alter, Houghton da Rice kyautar Nobel a 2020, domin dokar kyautar ba ta yarda a wuce mutum uku ba. Tun a 2013 Houghton ya ƙi karɓar kyautar Gairdner ta Kanada saboda ba a haɗa da Choo da Kuo ba. Ina girmama shi a kan wannan, kuma ina kawo maka shi ne don ka gane cewa ko babbar kyauta ta duniya ba ta raba yabo daidai, balle ma'aunin h.

Mu da muka yi aiki a zamanin interferon mun san abin da nau'in C ke yi bayan dashe. Duk wanda aka dasa wa hanta alhali ƙwayar na cikin jininsa, to sabuwar hantar ma za ta kamu, babu makawa. Edward Gane, yana asibitin King's College a Landan, ya bayyana yadda cutar ke tafiya bayan dashe a wata takarda ta 1996, Marina Berenguer ta birnin Valencia a Sifen kuma ta nuna yadda tabo ke taruwa da sauri a sabuwar hantar, har kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kan kai ga ƙandarewar hanta cikin shekara biyar. Maganin da muke da shi shi ne allurar interferon mako-mako da ƙwayar ribavirin, kusan shekara guda. Ina tuna yadda mara lafiya kan zo asibiti washegarin allura, a dunƙule cikin bargo yana rawar sanyi, tafin hannunsa fari fat saboda ribavirin ya cinye masa jini, muna rage masa magani muna ƙara masa na gina jini, muna kuma tsoron kada interferon ya tunzura garkuwar jikinsa ta far wa hantar da aka sha wahalar dasawa. Bayan duk wannan, wajen mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa.

Sai ga sofosbuvir, wanda Michael Sofia ya jagoranci ƙirƙirarsa a kamfanin Pharmasset, aka amince da shi a Amurka a Disambar 2013. Gane ɗin nan, bayan ya koma Auckland a ƙasar New Zealand, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa maganin na warkarwa ba tare da interferon ba. Yanzu ƙwayoyi ne na mako 8 zuwa 12, fiye da kashi 95 cikin 100 na warkewa, har da waɗanda aka yi wa dashe. Nau'in C da ya daɗe yana kan gaba cikin dalilan dashen hanta a Amurka ya sauka daga wannan matsayi, ciwon hanta na barasa da na kitse suka maye gurbinsa. Abin ya kai ga ana ɗaukar gaɓar mamacin da ke da nau'in C a dasa wa wanda ba shi da ita, sannan a ba shi magani ya warke. Likitocin Jami'ar Pennsylvania sun nuna haka da ƙoda a 2017, a kan mutum goma kacal, kuma cibiyoyin dashen hanta suka bi sahu.

Rayuwar aikin Gane ta nuna wani abin da nake nema a takardun mai bincike: zare ɗaya da ya riƙe. Ya fara da bayyana matsala, ya yi kusan shekara ashirin a kanta, ya kasance cikin masu kawo maganinta. Wannan ya fi mini maƙala ɗari biyar da suka watsu a kan batutuwa hamsin.

Yawa ba laifi ba ne, ƙanƙanta ma ba aibi ba ce

Kada ka ɗauka ina cewa mai yawan rubutu abin zargi ne. Thomas Starzl ya rubuta maƙaloli fiye da dubu biyu, kuma a 1999 cibiyar da ke ƙirga ambato ta bayyana shi a matsayin wanda aka fi ambata a fannin likitancin asibiti. Amma duba abin da ke ƙarƙashin lambar. Shi ya fara gwada dashen hanta a jikin mutum a Denver a 1963, yaron ya rasu a kan teburin tiyata saboda zubar jini. Sai a 1967 aka sami wadda ta rayu fiye da shekara guda. Roy Calne ya fara nasa a Cambridge ta Ingila a 1968. Fiye da shekara goma ana yi, mafi yawan marasa lafiya ba sa kai shekara, mutane da yawa na ganin ya kamata a dakatar da aikin. Da cyclosporine ya zo, maganin danne garkuwar jiki wanda Calne ya fara gwadawa a dashe, Starzl ya haɗa shi da steroid, masu kai shekara suka tashi daga ƙasa da kashi ɗaya bisa uku zuwa wajen kashi 70 cikin 100. A 1983 taron masana na Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ya amince cewa dashen hanta ya fita daga gwaji ya zama magani. A Pittsburgh kuma ya jagoranci shigo da tacrolimus a 1989, maganin da har yau shi ne ginshiƙin hana jiki ƙin sabuwar hanta. A wurinsa lambar da aikin sun tafi tare. Ƙari a kan haka, likitocin da ya horar sun bazu sun kafa cibiyoyin dashe a ƙasashe da dama, kuma babu rumbun da ke ƙirga wannan.

A ɗaya gefen, ga Vincenzo Mazzaferro na birnin Milan a Italiya. Takardarsa ta 1996 marasa lafiya 48 kawai ta ƙunsa. Kafin ita, dasa hanta ga mai sankarar hanta ya yi ƙaurin suna, domin sankarar kan dawo. Ya nuna cewa in ƙarin guda ɗaya ne bai wuce santimita 5 ba, ko kuma ba su wuce uku ba kowanne bai wuce santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiyar jini ko ya fita daga hanta ba, to kashi 75 cikin 100 na kai shekara huɗu. Har yau, a taron da muke yi na tantance masu jiran dashe, in aka haska hoton hanta a bango, tambayar farko ita ce: yana cikin ma'aunin Milan, wato wannan iyaka ta Mazzaferro, ko ya fita? Likitan hoto ya ɗora ma'auni a kan ƙarin, kowa ya yi shiru yana jiran ya faɗi santimita. Wannan ya shafi fanninka kai tsaye, tun da nau'in B da C su ne manyan masu jawo wannan sankara a duniya.

Haka ma'aunin MELD, mai auna tsananin ciwon hanta. Masu bincike a asibitin Mayo ne suka fito da shi a 2000 don wata manufa dabam, wato hasashen wa zai rayu bayan aikin buɗe hanyar jini a cikin hanta. Da farko gwajin jini uku ya dogara a kai: bilirubin mai sa idanu rawaya, creatinine mai nuna aikin ƙoda, da saurin daskarewar jini. A Fabrairun 2002 Amurka ta mayar da shi ma'aunin raba hanta, aka koma ba wanda ya fi jin jiki a maimakon wanda ya fi daɗewa a layi. Daga baya wasu masu binciken suka nuna ma'aunin na tauye mata, domin creatinine ɗinsu kan yi ƙasa da na maza ko da ƙodarsu ta fi rauni, aka yi masa gyara a 2023. Waɗanda suka bankaɗo wannan aibi su ma sun yi tasiri, ko da sunayensu ba su yi amo ba.

Yadda nake duba takardun mutum

In aka ba ni takardun mai neman ƙarin girma ko tallafin bincike, nakan kalli lambar sau ɗaya in wuce. Sai in jera maƙalolinsa daga wadda aka fi ambata, in ɗauki goma na sama, in cire na bita, da na ƙa'idoji, da waɗanda sunansa ke tsakiyar dogon jeri. A al'adar rubutun likitanci, na farko shi ne ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne jagoran da ya tsara shi. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe shi ne mutumin. Wani lokaci takwas ke saura, wani lokaci babu ko ɗaya.

Sai in karanta waɗanda suka saura, in tambayi kaina abin da aka sani kafin takardar da abin da aka sani bayanta. Daga nan in buɗe ƙa'idojin magani na ƙungiyar masana hanta ta Amurka, da ta Turai, da ta Asiya, da na Hukumar Lafiya ta Duniya, in je wurin da aka ce a yi kaza ko kada a yi kaza, in duba takardar da aka kafa hujja da ita. In na sami aikinsa a can yana riƙe da wata shawara, to ya taɓa marasa lafiyar da bai taɓa gani ba. Nakan kuma duba ko wasu, a wata ƙasa, waɗanda ba ɗalibansa ba ne ba kuma abokansa ba, sun maimaita binciken sun sami abin da ya samu. Scopus na ba da damar cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, ka gwada ka ga ko lambar za ta girgiza. Ka leƙa PubMed, rumbun maƙalolin likitanci, ka ga ko an taɓa janye masa takarda, da dalilin janyewar. Ka karanta ƙasan maƙala inda ake bayyana wanda ya ba da kuɗin binciken. Karɓar kuɗin kamfani ba laifi ba ne, kusan duk magungunan nau'in C ta wannan hanya suka zo, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya tsara gwaji da wanda aka miƙa wa tsararre.

In mutumin na gabana, tambaya ɗaya nake yi masa: cikin duk abin da ka rubuta, zaɓi uku ka gaya mini abin da ya sauya saboda su. Mai bincike na gaske ba ya jinkiri, yakan ma fara da gaya maka inda aikin nasa ya gaza. Wanda ya tara suna kawai sai ya koma lissafa maka mujallu.

Inda wannan awo ke da rauni

Hanyar tawa ma ba ta kuɓuta daga aibi ba. Tana cutar da masu binciken ɗakin gwaji, waɗanda aikinsu kan yi shekara goma ko ashirin kafin ya isa gadon asibiti. Wanda ya auna Lohmann da Bartenschlager a shekarar 2000 da tambayar me ya sauya wa mara lafiya, da ya ce babu. Tana cutar da wanda ya yi gwaji mai kyau ya gano cewa magani ba ya aiki, alhali ya hana a wahalar da dubban mutane a banza. Tana kuma cutar da matashi, wanda lokaci bai ba aikinsa damar nuna kansa ba.

Babban rauninta, wanda ya fi ci mini rai, shi ne ita da lambobin duka suna kallon inda kuɗin bincike yake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 ke ɗauke da nau'in C, kuma cututtukan sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar. Mafi yawan masu nau'in B suna Afirka da gabashin Asiya, kuma galibinsu ba su ma san suna da ita ba, balle a yi zancen dashe. Likitan da ya gano hanyar da allurar rigakafi za ta isa ga jariri cikin awa 24 da haihuwa a inda mata ke haihuwa a gida, ko wanda ya samar da hanya mai araha ta sanin wa ke buƙatar magani ba tare da gwajin ƙirga ƙwayar cuta ba, zai iya kare rayuka fiye da babban likitan dashe, amma takardarsa ta ƙare a ƙaramar mujalla da ambato kaɗan. Masar ta tantance mutane miliyoyi gommai a gangamin da ta fara a 2018, har a 2023 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matsayin zinariya a kan hanyar kawar da nau'in C. Likitoci da masu binciken da suka tsara wannan aiki ba su ne ke saman jerin waɗanda aka fi ambata a duniya ba.

Game da farfesan naka

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka raba a ranka. Tasirin mutum a fanni dabam, dacewarsa da zama malaminka dabam. Na ga manyan masana waɗanda ɗalibi kan yi wata da watanni bai sami zama da su ba, na kuma ga masu matsakaicin suna da suka fitar da ɗalibai ƙwararru ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka bayan ka yi tankaɗen da na bayyana, koma kan maƙalolinsa na shekara biyar da suka wuce, ka duba sunayen farko. In ƙananan likitoci ne da ɗalibai, shi kuma yana ƙarshe, alama ce yana ba na ƙasa dama. In kullum shi ne a farko, ka yi hattara. Duba ko har yanzu yana da marasa lafiyar da yake bi da bayanan da za ka yi aiki a kansu, domin a fannin dashe bincike ba ya yiwuwa sai da rajistar marasa lafiya da aka daɗe ana cikawa da kyau. Sannan ka nemi biyu ko uku daga cikin waɗanda suka gama a hannunsa, musamman waɗanda suka bar cibiyarsa, ka tambaye su sau nawa yake zama da su, ko yana karanta abin da suka rubuta da kansa, da kuma sunan wa aka sa a gaba ranar da aikinsu ya fito. Kafin ka je ganinsa, karanta takardunsa uku da suka fi ƙarfi tun daga hanyar binciken har teburan sakamako, ka tafi da tambaya ɗaya a kan abin da kake ganin bai warware ba. Yadda zai karɓi tambayar zai nuna maka irin zaman da za ku yi. Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da malami nagari.